Shagon sinadarai na Ojota da gwajin haidurojin daga ganye: me ya cancanci saye a can?

Duk ɗalibin da ke karatu a Akoka ko Ojo ko Yaba a Legas da ya ɗauki aikin haɗa furotin ɗin ganye da ƙwayoyin filatinam domin fitar da haidurojin, ƙarshenta sai ya bi ta kasuwar sinadarai ta Ojota da takardar kaya a hannu. Shagon da wannan sharhi ya shafa matsakaici ne a cikin layukan kasuwar. Yawancin cinikinsa da masu haɗa sabulu da fenti da man shafawa ne, amma a can ciki akwai kanta ta kayan ɗakin gwaji, kuma mai shagon yana karɓar odar abin da ba ya ajiyewa. Ba mu ambaci sunansa ba domin abin da za a faɗa a kansa ya shafi maƙwabtansa da dama.

Hukuncinmu shi ne: busassun kaya masu jure zafi a saya a nan ba tare da fargaba ba, gishirin filatinam a saya da sharaɗi, duk abin da ke buƙatar sanyi kuwa a nema a wani wuri. Kuma kuɗin da ɗalibi yake tanadi domin filatinam, rabinsa ya fi amfani a kan murfin kwalba da iskar agon.

Kafin a shiga kayan, sai a san aikin da za su yi. Fotosistem I, wanda ake taƙaitawa PSI, furotin ne mai kama haske, yana zaune ne a fatar tilakoyid, wato ƙananan jakunkunan da ke cikin kuloroplas, koren sashen ƙwayar ganye. Haske yana faɗo masa, klorofil ɗin tsakiya mai suna P700 ya saki elektiron, ya bi ta A0 da A1 zuwa dunƙulen ƙarfe da sulfa guda uku, FX da FA da FB. A cikin ganye wani ƙaramin furotin mai suna feredoksin ne ke karɓar elektiron ɗin a bakin FB. Idan filatinam ya zauna a wannan gurbi, elektiron biyu da firoton biyu sai su haɗu a kansa su zama haidurojin. Ƙarfin FB ya kai kusan milibolt 580 ƙasa da sifili, haidurojin kuwa 414 yake buƙata a pH 7, don haka akwai rara. Elias Greenbaum ne ya fara nuna wannan a Oak Ridge ta Amurka a 1985, inda ya zaunar da filatinam kan tilakoyid. A 2010 ayarin Barry Bruce na Jami'ar Tennessee, da Ifeyinwa Iwuchukwu a matsayin marubuciya ta farko, suka yi amfani da PSI na wata ƙwayar halitta mai son zafi, Thermosynechococcus elongatus, suka samu kusan maikuromol 5.5 na haidurojin a awa kan kowane miligiram na klorofil, haɗin ya jure digiri 55 kuma ya yi aiki sama da kwana 85. A 2011 Lisa Utschig ta cibiyar bincike ta Argonne a Amurka ta bi wata hanya: ta haɗa ƙwayoyin filatinam masu kusan nanomita 3 tun a waje, masu cajin nagatif, suka manne da kansu inda feredoksin ke zama. Hoton tsarin da aka fitar a 2024 ya nuna wuraren mannewar biyu ne a kowane PSI. Hanya biyu ke nan: ko haske ya zaunar da filatinam daga gishirinsa, ko a haɗa ƙwayoyin daban. Ta farko ce ta fi dacewa da aljihu da kayan aikin da ake samu a Legas.

Gishirin filatinam shi ne inda ake cin riba kuma inda ake tafka asara. Shagon yana kawo H2PtCl6 mai ruwa shida, wanda asid ne mai tsami, lambar rajistarsa ta sinadarai (CAS) 18497-13-7, ta hanya biyu: kwalbar giram ɗaya a rufe daga kamfani, ko kuma “a ɗiba maka” daga babbar kwalba da aka riga aka buɗe. Ta biyun ta fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba, amma araha ba ta ado. Wannan gishiri yana shan danshin iska har ya narke da kansa, ga Legas da danshinta kan haura kashi 80 cikin 100 da damina. Kwalbar da aka buɗe sau da yawa za ka tarar abin da ke ciki ya koma ruwa mai kauri kamar manja. Filatinam ɗin yana nan, bai ɓace ba, amma nauyin da sikeli zai nuna maka ya haɗa da ruwan da ba ka san yawansa ba, lissafinka duka ya rushe. Ingantacce yana ɗauke da filatinam kusan kashi 37.5 cikin 100. Wanda ya jiƙe, Allah kaɗai ya san nawa ne.

Saboda haka a sayi rufaffiya, kuma kada a yi ta auna ta kaɗan-kaɗan. A narkar da giram ɗin gaba ɗaya cikin kwalbar awo ta mililita 25, a ɗauraye kwalbar asalin sau uku a zuba a ciki. Giram ɗaya milimol 1.93 ne, don haka ruwan zai zama kusan milimola 77. A ajiye shi a kwalba mai duhu, a bar shi da tsaminsa, domin a haka ya fi daɗewa. Gwaji ɗaya na mililita 10 a milimola 0.5 maikurolita 65 kawai yake ci. Giram ɗaya zai yi gwaji sama da 380, wato ya ishi ɗalibai huɗu ko biyar su yi karo-karo. Yaron shagon zai ce maka, “Malam, ka ɗauki giram biyar, gobe dala za ta tashi.” Dala na iya tashi, amma ba ka buƙatar giram biyar.

Kada cokalin ƙarfe ya taɓa shi, yana cin ƙarfen kuma ya bar baƙin filatinam a jiki. A yi amfani da gilashi ko roba. Idan ana so a tabbatar abin da aka saya, a ɗebi ɗigo kaɗan a zuba masa ruwan amoniyam kulorayid mai kauri: rawayan laka za ta kwanta. A na'urar auna haske kuma, ruwan da aka sirka sosai yana nuna tsini wajen nanomita 260. Wannan halin kwanciya yana da wani darasi: potasiyam ma yana kwantar da shi, don haka kada a haɗa ruwan ajiyar mai kauri da bafa (ruwan da ke tsayar da pH) ta potasiyam. Sodiyam fosfet za a nema, kuma shagon yana da shi iri biyu. Wani lokaci a kan ba mai saye K2PtCl6 a ce duk ɗaya ne. Filatinam ɗinsa ya fi yawa, kusan kashi 40, amma da kyar yake narkewa, kusan giram ɗaya cikin mililita 100. Mafi dacewa da furotin shi ne Na2PtCl6 tunda ba shi da tsami, sai dai shi sai an yi oda an jira makonni. Wanda ya tsaya a kan mai tsamin, ya fara zuba shi cikin bafa, ya duba pH, sannan ya kawo tilakoyid. Ɗigon asid kai tsaye kan klorofil yana fizge magniziyam ɗin tsakiyarsa, kore ya koma ruwan toka mai duhu, aikin ya mutu tun kafin a kunna fitila.

Abin da shagon ya gaza a kai ƙwarai shi ne gargaɗi. Gishirin filatinam masu kulorin suna jawo borin jini da asma ga wanda ya saba shaƙarsu ko taɓa su, kuma idan jiki ya kamu, ɗan kaɗan ma yana tayar da ita. A shagon da hannu tsirara ake ɗiba. Takardar bayanin haɗari sai ka nema, wani lokaci ma sai ka sauke ta daga intanet da kanka.

Askobet kuwa, wato bitamin C da ke mayar wa P700 elektiron ɗin da ya saki, yana da kyau a nan, kuma da araha, saboda masu abinci da man shafawa suna saye da yawa, kaya ba ya kwana. A lura da bambanci: asid ɗin askobik suka fi ajiyewa, shi kuma yana sauke pH, sai an daidaita shi da NaOH. Sodiyam askobet ya fi sauƙin aiki, miligiram 40 cikin mililita 10 ya ba da milimola 20. Fari tas ake so. Wanda ya fara yin rawaya ya sha iska. Ruwansa a ranar ake haɗawa. Ƙwayar bitamin C ta kemis ba ta maye gurbinsa, akwai sitaci da kala a ciki. Kuma askobet da kansa yana iya zaunar da filatinam daga gishirinsa a hankali ko babu haske, musamman cikin zafi, shi ya sa dole a ajiye kwalba ɗaya a naɗe da takardar alminiyam a gefen sauran domin a kwatanta. DCPIP, mai ɗauko elektiron daga askobet zuwa P700, ana samunsa a ƙananan kwalabe tunda makarantun sakandare suna gwajin bitamin C da shi. Gwada shi ba wuya: shuɗi ne, askobet ya taɓa shi ya washe, asid ya mayar da shi ruwan hoda. Maikuromola 50 zuwa 100 ya isa. In ya yi yawa sai ya koma yana kwasar elektiron daga ɗaya gefen PSI yana maido shi baya.

Sukari da gishiri da MgCl2 da asiton, babu abin cewa. A nemi mai tambarin AR, wato tsaftatacce na ɗakin gwaji, a duba hatimin murfi. Sobitol da ke nan galibi ruwa ne na masu man goge baki. A bar shi, a yi amfani da sukuros, giram 137 a lita ya ba da mola 0.4. Ruwan da suke sayarwa a jarka da sunan tacacce shi ne abin dubawa. A zo da ƙaramar na'urar auna gishirin ruwa. In ta haura maikurosimen 1 ko 2, bai dace da haɗa ƙwayoyin filatinam ba, gishiri yana dunƙule su. Ɗigon silba naitiret ma yana tona asiri: in ruwan ya yi fari-fari, akwai kulorayid.

Ga wanda ya zaɓi hanyar Utschig, sai sodiyam borohaidirayid, wanda ke mayar da gishirin filatinam ƙwayoyi, kuma a nan shagon bai burge ba. Sabo gari ne fari mai zuba. Na kan kantar ya kan dunƙule saboda danshi, wani kaso ya riga ya lalace. Mai kyau, idan aka narkar da shi cikin ruwan ƙanƙara aka zuba kan filatinam da asid ɗin makaptosaksinik (mai lulluɓe ƙwayoyin kada su dunƙule) ana juyawa da ƙarfi, rawaya tana komawa ruwan ƙasa mai duhu nan take, tsinin 260 ya ɓace. Wanda ya lalace a hankali yake aiki, ƙwayoyin su yi girma su kwanta a gindi. Akwai kuma tarkon da ya fi wannan: borohaidirayid da kansa yana fitar da haidurojin cikin ruwa, filatinam ma ƙara masa sauri yake yi. In ba a wanke ƙwayoyin sosai ta jakar dayalisis ba, na'ura za ta nuna haidurojin mai yawa, ɗalibi ya yi ta murna, alhali haske bai yi komai ba. Asid ɗin makaptosaksinik kansa babu shi a shagon sai oda. Kwalaben da za a haɗa ƙwayoyin a ciki a wanke su da HCl kashi uku da HNO3 kashi ɗaya, cikin akwatin zuƙe hayaƙi, kuma kada a taɓa rufe wannan haɗi a kwalba.

Sanyi shi ne raunin shagon na gaske. Firji ɗaya ne, na gida, abin sha na ma'aikata ma a ciki yake, kuma janareta ba ya kwana a kunne. Sabulun gwaji na Triton X-100 bai damu da wannan ba, ana iya sayensa. Amma dodesil maltosayid, sabulun da ake ciro PSI da shi ba tare da an raunata shi ba, a digiri 20 ƙasa da sifili ake ajiye shi, a bushe. Haka gulukos oksides da katales da wasu ke sawa domin cinye ragowar oksijin. Mai shagon yana cewa zai kawo, kuma yana kawowa, amma babu mai iya gaya maka kwana nawa kayan suka yi a zafin sito. Waɗannan a bi ta wakilin kamfani mai kawo su cikin busasshiyar ƙanƙara. Filastosayanin da saitokurom c6, furotin masu kai wa P700 elektiron, kuwa ba kayan kasuwa ba ne, a ɗakin gwaji ake tace su. Kuma tace PSI zalla yana buƙatar santirifuj, na'urar ware laka ta hanyar juyi, mai haura g 100,000 (g ma'aunin ƙarfin juyi ne, ba giram ba) ya kwana yana juyi a kan sukuros mai hawa-hawa. Wanda ba shi da tabbacin wannan na'ura da wutar da ba za ta ɗauke ba, ya tsaya a tilakoyid, kada ya ɓata kuɗi kan sabulu mai tsada.

Wani alheri na wurin shi ne Mile 12 tana nan gaba kaɗan, kuma 'yan uwa masu gwari sun san motar da ta iso da asuba. Latas sabo ya fi komai sauƙin niƙa. Alayyahunmu ba shi ne ganyen spinach da takardun Turawa ke nufi ba. Jijiyoyinsa sun fi tauri, yana ba da tilakoyid amma sai an ƙara niƙa. Lalo yauƙinsa yana toshe matata, shuwaka kuma tana yin duhu da zarar an niƙa. A ce wa mai kaya, “Alhaji, wanda bai sha rana ba,” a sa a kula da ƙanƙara tun daga nan, a bar shi ya kwana a duhu cikin firji domin sitacin ciki ya ragu, tunda ƙwayar sitaci tana fasa kuloroplas a santirifuj. Giram 50 na ganye ba jijiya, mililita 150 na bafa mai sanyi da sukuros, niƙa na daƙiƙa biyar sau uku, a tace ta yadi ninki takwas. Juyin farko g 300 na minti biyu a zubar da laka, na biyu g 4,000 na minti goma a riƙe koren da ya kwanta. A wanke shi da bafa marar sukari domin kuloroplas su fashe. Klorofil a auna shi da lissafin Arnon na 1949 cikin asiton kashi 80: a ninka karatun 645 da 20.2, na 663 da 8.02, a haɗa, ya ba da maikurogiram a mililita. Garin sifirulina da ake sayarwa a shagunan ƙarin abinci yana jan hankali, tunda dangin wanda Kanembu ke kwasa ne a yankin Tafkin Chadi kuma PSI ya yi yawa a cikinsa, amma da zafi ake busar da yawancinsa, ba a dogara da shi sai an gwada.

Tilakoyid yana zuwa da Fotosistem II, shi kuma oksijin yake fitarwa. Oksijin yana ƙwace elektiron daga FB, kuma filatinam ɗin da ya yi haidurojin shi ne zai sake haɗa shi da oksijin su koma ruwa. Maikuromola 10 na DCMU yana rufe Fotosistem II. Shi ne diyuron na maganin ciyawa, amma na shagon noma akwai gauraye a ciki. Shagon Ojota yana iya yin odar tsantsarsa, kuma ba ya tsoron zafi. Parakwat kuwa ko kusa kada ya zo, aikinsa ke nan satar elektiron daga PSI.

Nan ne maganar murfi ta shigo. Kwalaben allura na mililita 20 suna nan birjik da araha, amma murafun da ake bayarwa tare da su sirara ne, wasu na silikon, kuma haidurojin yana ratsa silikon cikin sauƙi. Robar butil mai kauri ake so, da zoben alminiyam da abin matse shi. Mai shagon bai san bambancin ba har sai an nuna masa hoto, amma da aka nuna ya samo, wannan kuma abin yabo ne. Kowane huda na allura yana rage ƙarfin murfin, a canza shi bayan kowane gwaji. Agon ko naitirojin ba sa sayarwa, sai wajen masu iskar masana'antu, kuma a nemi mai tsarki sosai da takardarsa, a hura ta cikin kwalba minti 20 zuwa 30 a duhu, allura ɗaya shiga ɗaya fita. Fitilar LED ja ta nanomita 660 ta fi halojin, wadda ke dafa kwalba a ɗakin da ya riga ya kai digiri 30. In halojin ce kawai, a sa kwalbar ruwa tsakaninsu.

Kada a sa ran ganin kumfa. Ko da a ce an kai adadin ayarin Bruce, miligiram 0.5 na klorofil zai ba da maikuromol 2.75 a awa, wato kusan maikurolita 68, ƙasa da kashi ɗaya cikin 100 na sararin mililita 10 da ke saman ruwan. Tilakoyid na latas ƙasa da haka zai bayar sosai. Sa'o'in farko ma babu komai, domin kowane atom na filatinam sai ya ci elektiron huɗu kafin ya zauna. Shagon yana tallata ƙaramar na'urar gano yoyon gas ta hannu, wai tana jin haidurojin. Tana ji, amma tana jin barasa da asiton ma, kuma an yi ta ne domin gargaɗi kafin iska ta kai kashi 4 inda take kama wuta. Awo na gaskiya sai na'urar rarrabe gas (GC) mai ma'aunin ɗaukar zafi (TCD) da bututun molekula sib 5A, agon ko naitirojin na tura samfur. In hiliyam ne a kan na'urar, alamar haidurojin tana ƙanƙancewa domin yadda suke ɗaukar zafi ya yi kusa. A tabbatar da inda za a yi wannan awo, da kuɗin kowane samfur, da sirinji mai riƙe iska, kafin a biya ko kobo a Ojota.

Ta fuskar mu'amala, shagon yana ba da rasit mai hatimi wanda sashen kuɗi na jami'a zai karɓa, yana amsa saƙon WhatsApp da wuri, kuma yana turo hoton kwalba da lambar rukuni kafin a biya idan an nema. Farashin kayan oda ba ya tsayawa, na yau daban na jibi daban, sai an biya kafin alƙalami sannan ya tabbata. Takardar shaidar inganci tana zuwa da rufaffun kwalabe. A gwada lambar rukunin da ke jikinta da ta jikin kwalbar, domin akan haɗa takardar wani rukuni da kwalbar wani. Masu kai saƙo a babur suna kaiwa Akoka ko Idi-Araba a yini ɗaya, amma akwatin bayan babur yana gasuwa a cunkoson Ikorodu Road, don haka askobet da DCPIP gara a karɓe su da safe. Asid masu ƙarfi kuma kada a yarda a haɗa su jaka ɗaya da borohaidirayid, abin da yaran shagon kan yi idan ba a hana su ba.

Shagon ba ya karɓar ragowar ruwan filatinam, kuma bai kamata a zuba shi a kwata ba. A tara shi a kwalba ɗaya mai lakabi. Idan ta cika, a sa ɗan HCl da gutsuren zinki a wuri mai iska nesa da wuta, filatinam zai kwanta baƙi a gindi, a tace a busar a ajiye wa sashen.